Faifan da Ba a Huda Ba

Ranar Juma'a ce, an sauko daga masallaci, lokacin da duk ɗan sanda mai hankali ke tunanin abin da zai sa a cikinsa. Sufeto Zulaihat Abba ta buɗe kular shinkafa da wakenta ke nan, ko cokali ɗaya ba ta kai baki ba, sai ta jiyo dariyar Kofur Idi daga kantar karɓar ƙara.

Ta san dariyar nan sarai. Ita yake yi idan an kawo ƙarar da ya raina.

Ta rufe kula ta fito. Wata dattijuwa ce tsaye, sanye da zanen zumuntar mata na coci, ta rungume wani fankon gidan faifai a ƙirji. A bayanta wani siririn mutum ne da hula a karkace, sai zufa yake yi.

"Madam, wai faifan sidi aka sace," in ji Idi, yana danne dariya. "Faifai fa! Abin da ko yara sun daina tsinta a bola."

"Kofur, kawo wa Mama kujera. In ka gama dariyar sai ka sanar da ni."

Dariya ta ɗauke kamar wutar lantarki.

Sunan dattijuwar Mama Mary, tsohuwar ungozoma da ta yi ritaya, 'yar kudancin Kaduna, amma rabin yaran Ƙofar Kwaya a hannunta suka faɗo duniya. Mijinta Ezekiel ya rasu da jimawa. Ranar auren 'yarsu Gloria ya yi jawabi a coci, mai kula da lasifika ya naɗa ya ba su a faifai. Shi ke nan abin da ya rage na muryarsa a duniya.

"Hotuna ina da su, 'yata," in ji ta. "Amma hoto ba ya magana. Kwanan nan in na rufe ido ina neman muryarsa a kaina, sai in ji ta tana guduna. Na fara mantawa. Tsoron da nake ji ke nan."

Ita ma Zulaihat, tata mahaifiyar ta tafi ba ta bar ko gaisuwa a waya ba, kuma ta san irin wannan gudun. Abin ya soke ta ƙwarai.

"Yaya aka yi faifan ya bar hannunki, Mama?"

"Ya fara tsalle, yana cin magana. Sai na sayi ruwan wankin faifai wajen Haruna mai tebur a bakin layi, wanda ake ce wa Goge-Ka-Gani. Na ɗiga, na murza yadda ya ce. Wayyo! Sai fuskar faifan ta yi fari-fari, rediyon ma ya ƙi karɓarsa gaba ɗaya. Jiya na kai wa Malam Sada, ga shi nan, ya duba ko zai iya tura mini a waya. Yau ya aiko wai an sace."

"Da alama a jikinsa?"

"Na rubuta sunansa da baƙin alƙalamin maka a baya. Ezekiel."

Zulaihat ta ɗauki hularta, ta ce da Idi da su biyun su biyo ta. Shinkafa da wake dai sai haƙuri.

Shagon Malam Sada ɗan ƙarami ne a layin masu gyaran waya, inda yake tura wa mutane karatu da tsofaffin faifan biki a memori. A gefen ƙofa akwai dogon benci.

"Ka kulle da za ka tafi masallaci?"

"Ranki ya daɗe, mu nan ba mu kullewa ran Juma'a. Benci kawai muke gittawa a ƙofa. Jonathan tela shina nan, shi ke duba muna layin tun zamanin iyayenmu. Ko allura ba ta taɓa ɓata ba."

Ta leƙa ciki. Ga kwamfuta a kan tebur, ga wayoyin mutane a caji, ga jakar Sada rataye a ƙusa. Ba a taɓa ko ɗaya ba. Wane irin ɓarawo ne zai tsallake waɗannan ya ɗauki faifan da ya ƙi yi?

"Ina ka ajiye shi?"

"Cikin durowa, a gidanshi. Na dawo na iske gidan wayam."

"Wa ya san yana nan?"

"Babu kowa. Daga ni sai Mama."

"Tun jiya yana hannunka, me ya hana ka tura mata?"

Sada ya gyara hular da ba ta nemi gyara ba. "Wuta. Babu wuta tun jiya."

Zulaihat ta dubi wayoyin da ke caji. Ta durƙusa gaban bencin. A gefe ɗaya na katakon akwai shaidar yatsu, mai maiƙo, sabuwa. Ta kai hanci. Turare ne mai arha, a ƙarƙashinsa kuma warin kananzir.

Ta karɓi gidan faifan daga hannun Mama Mary ta shinshina. Wari ɗaya ne.

"Mama, jiya da kika zo kin zauna a bencin nan?"

"A'a. A jingine yake da bango, a tsaye na yi magana na tafi."

Jonathan tela, dattijo mai furfura da tef a wuya, ya miƙe tun kafin su iso. Kallo ɗaya za ka yi masa ka san hankalinsa a tashe yake. Ya gaishe su, ya tambayi aiki, ya tambayi iyali, har ya koma ya sake tambayar aiki.

"Baba, kai ke gadin layi lokacin salla?"

"Ni ne, Madam."

"Ka ga wani ya shiga shagon Sada?"

"Ko kaza ban gani ba. Idona biyu, ban motsa daga nan ba."

"Yaya wuta a layin nan?"

"A'a, wuta kam mun gode Allah. Tun jiya da safe ba su ɗauke ba, har guga na gama."

Zulaihat ta juya ta dubi Sada. Shi kuwa ya sami abin kallo a ƙasa.

Kafin ta yi magana, sai ga wata mata mai jiki da tire a ka ta ratso. Delu ce mai ɗanwake, wadda duk layin ke tsoron bakinta fiye da barkononta. Ta nufi Jonathan.

"Baban Mercy, ina kwanona? Ɗazu na zo ɗauka na iske ka kifa kai a keken ɗinki kana ta minshari, na ji tausayinka na bar ka."

Kofur Idi ya yi tari don kada dariya ta kuɓuce masa. Jonathan ya zauna daɓas, ya dafe kai.

"Madam, na yi ƙarya. Barci ya sace ni. Sabon maganin hawan jini ne suka ba ni, in na ci abinci sai ya kwantar da ni. Kunya ce ta hana ni faɗi. Mutanen nan sun ba ni amanar shagunansu shekara da shekaru, yau kuma a ce..."

Zulaihat ta ga yadda mutanen layi suka fara taruwa suna kallonsa, ta kuma san irin maganar da ke iya tashi daga nan idan aka bar ta ta kwana. Ba ta son ta kwana.

"Delu, kin san maganar faifan Mama?"

"Wa bai sani ba? Ai jiya da marece Malam Sada ya tsaya wajen mai shayi shina ɗaga shi sama, shina ta faɗin wai gobe bayan Juma'a zai kai shi gaban shugaban 'yan layi, kowa ya ga yadda ruwan Haruna ke kashe faifai. Har cewa ya yi sai Haruna ya bar layin ga da teburinshi a kai."

"Malam Sada," in ji Zulaihat a hankali, "daga kai sai Mama, ko?"

Sada ya risina. "Ranki ya daɗe, a yi mani aikin gafara. Wuta akwai. Da na wanke shi jiya da na gwada turawa. To in na wanke, shaidata ta tafi. So nike kowa ya gan shi da farin nan a jiki, don mutumin nan ya daɗe shina ɓata wa mutane kaya."

"Wato ka riƙe muryar mijin baiwar Allah don ka ci gardama."

"Haka ne," ya ce, murya ƙasa-ƙasa. "Wallahi na yi wauta."

Mama Mary ta kawar da kai daga gare shi, kuma da ta zage shi da ya fi masa sauƙi.

Teburin Haruna na bakin layi, ƙarƙashin wata babbar lema. Tun daga nesa yake ɗaukar ido, saboda tsofaffin faya-fayan da ya rataya da zare kewaye da lemar, suna juyawa suna walƙiya. A kan tebur ga ƙananan kwalabe jere, ga wani tsohon rediyo mai cin faifai. Haruna kansa kakkauran mutum ne mai zaƙin baki, irin wanda zai sayar maka da ruwan rijiyarku ka yi godiya.

"Sannu da zuwa, hukuma! Ranki ya daɗe, ko tabarau ne, ko gilashin waya, ko faifai, Goge-Ka-Gani ba shi da na biyu."

"To nuna mini in gani."

Nan fa ya shiga aikinsa. Ya ɗauko wani faifai duk karce, ya sa a rediyo, aka ji yana tsalle yana shaƙewa. Ya ciro shi, ya ɗiga ruwan, ya lulluɓe da wani babban tsumma yana murzawa yana zuba surutu. Ya zaro, ya mayar. Sai ga sauti tas, kamar yau aka naɗa.

"Kin gani? Ba tsafi, ba dabo!"

"Ikon Allah," in ji Idi, har ya fara laluben aljihu.

"Ba ni tsumman," in ji Zulaihat.

"Ranki ya daɗe, ai duk maiƙo ne, zai ɓata maki kaki."

"Ni ke wanke kakina. Ba ni."

Ta kama gefen tsumman ta girgiza. Wani faifai ya faɗo daga wani aljihu da aka ɗinke a ciki, ya yi ƙara a kan tebur. Mai karcen ne. Wanda ke cikin rediyo ɗan'uwansa ne lafiyayye, zane ɗaya, launi ɗaya.

Masu kallo suka ɗauki salati. Idi ya zare hannu daga aljihu a hankali, kamar dama susa yake yi.

Zulaihat ta buɗe kwalba ɗaya ta shinshina. Turare da kananzir.

"Ina ka yi sallar Juma'a?"

"Masallacin da kowa ke zuwa. Na ma riga Sada tafiya, a tambayi kowa."

"Ka shiga shagonsa yau?"

"Ni? Mi zai kai ni? Rabona da ƙofarshi tun azumi. Ba mu ga maciji da juna."

"To me ya kai warin ruwanka jikin bencinsa?"

Haruna ya yi murmushi. "Ai Mama ta sayi kwalba, kuma faifanta ya sha shi. Ko ita, ko shi Sadan da ya taɓa faifan."

"Mama ba ta taɓa benci ba. Sada kuwa ya yi alwala kafin ya gitta shi. Wannan shaidar ta hannun da ke wuni cikin ruwan nan ce. Nuna mini hannunka."

Ya nuna, yatsun na ƙyalli. Amma bakinsa bai mutu ba.

"Dabarar kasuwa kam na yi, ban musa ba. Amma sata? A caje ni! A caje teburin, a je gidana a ɗaga katifa. In an ga faifai mai sunan Ezekiel, a ɗaure ni."

Idi ya caje. Ya juye kwali, ya duba ƙarƙashin tebur, ya laluba aljihun Haruna har da cikin hula. Babu. Haruna sai ƙara buɗe ƙirji yake yi, Delu kuwa ta jawo wa Mama Mary kujera.

Zulaihat ta dubi kwatar da ke bakin titi. Idan mutumin nan ya karya faifan ya jefa a kwata fa? Ko ta ɗaure shi shekara goma, ba abin da zai dawo wa tsohuwar nan da shi.

Ta ɗaga kai tana tunani, sai walƙiyar faya-fayan lema ta haske mata ido. Ta tsaya tana kallonsu suna juyawa.

"Haruna, yaya kake rataye waɗannan?"

"Ƙusa nike gasawa in huda gefe, in zura zare. Matattu ne duka, ado ne kawai."

Ta fara zagaya lemar, tana taɓa su ɗaya bayan ɗaya. Kowanne da 'yar hudar ƙusa a gefe, baki-baki saboda ƙuna, kowanne ya sha ƙurar titi. Can ta baya, wajen da inuwar bango ta rufe, ta tsaya.

Wannan ba a huda shi ba. Ta ramin tsakiya aka zura zaren, har an naɗa ɗan ƙyalle a wurin don kada zaren ya goge shi. Babu ƙura a jikinsa. Fuskarsa ta yi fari-fari, bayansa kuma an goge shi tas. Ta karkata shi ga haske, sai ga inuwar rubutu, dishi-dishi, harafin farko da na ƙarshe.

"Mama, zo ki duba hannunki."

Mama Mary ta taso, ta duba, ta dafe baki. "Shi ne. Yesu na gode, shi ne!"

Haruna ya nemi wurin zama ya rasa, sai ya tsuguna a ƙasa.

"Ka ce a nemo mai sunan Ezekiel, don ka san ka goge sunan da ruwanka," in ji Zulaihat. "Yanzu faɗa mini da bakinka."

"Ni na ɗauka," ya ce. Zaƙin bakin duk ya tafi. "Na yi kamar na tafi masallaci, na zagayo ta baya. Na iske Baba Jonathan na barci, na ja benci na shiga. Ranki ya daɗe, faifai nike saidawa da can, waya ta zo ta kashe muna kasuwa. Wanga ruwa shi ya rage mani. In Sada ya kai ni gaban shugaba, na tashi daga layin nan."

"Mene ne a cikin ruwan?"

"Kananzir ne, da ɗan man shafawa, da turare."

"Yana gyara karce?"

"Ba ya gyara komi. Ƙyalli kawai yake sawa."

"To me ya hana ka karya faifan ka huta?"

Haruna ya dubi Mama Mary.

"Na ɗora shi a gwiwa zan karya. Sai na tuna abin da ta ce ran da ta sayi kwalbar, wai muryar maigidanta ce. Matar nan ita ta karɓi haihuwar ɗiyata ta fari. Hannuna ya ƙi. Na gasa ƙusa kuma, ita ma na kasa."

Idi ya ciro ankwa. Zulaihat ta ɗaga masa hannu.

"Dakata. Mu je shagon Sada tukuna, har da shi. Ya ji abin da ya kusa kashewa, in Allah ya sa da sauran rai."

Layin gaba ɗaya ya biyo su. Sada ya karɓi faifan da hannu biyu, ya juya bayansa, ya yi tsaki.

"Nan ne abin tsoro. Mutane na zaton fuskar ce mai rai, alhali abin da aka naɗa na kwance dab da bayan nan. In kananzir ya ci shi, sai dai haƙuri."

"Da wane magani za ka wanke?" in ji Idi.

"Magani kuma? Delu, ara mani sabulun wanke-wankenki."

Ruwan leda ɗaya ya fasa. Ya ɗiga sabulu kaɗan a yatsa, ya shafa a fuskar faifan a hankali, ya ɗauraye. Ya ɗauko tsohuwar singileti mai laushi yana gogewa daga tsakiya zuwa baki, ba zagaye ba. Farin ya tafi. Karcen na nan, wannan kam ba mai mayar da shi.

Ya sa a kwamfuta. Ta yi gurnani, ta yi shiru, ta sake gurnani. Babu mai motsi a shagon. Zulaihat ta tsinci kanta tana addu'a a zuci, ita da ta zo aiki.

"Ta karɓa," in ji Sada. "Kada kowa ya yi numfashi sai na kwafe."

Sai da ya kwafe a kwamfuta, ya tura a wayar Mama, ya ƙara a memori, sannan ya murɗa lasifika.

Aka ji hayaniyar coci, aka ji wani ya busa makirfo. Sannan wata kakkausar murya mai fara'a ta cika shagon.

"Gloria, 'yata, ki yi haƙuri da mijinki yadda na yi haƙuri da uwarki. Tun da na auro ta take ƙona mini tuwo, ban taɓa kai ƙara wajen fasto ba."

Jama'ar cikin faifan suka fashe da dariya, na cikin shagon ma suka taya su. Mama Mary na dariya hawaye na zuba, ta nuna lasifikar da yatsa.

"Ƙarya yake yi, Sufeto! Sau ɗaya ne tak, shi ma don ya tsare ni da surutu ne. Ku ji mutum, yana kabari bai daina yi mini sharri ba!"

A wuri ɗaya muryar ta yi ɗan tsalle, kalma biyu suka ɓace. Mama Mary ta cike su da bakinta, ba ta ko yi tunani ba.

Haruna na tsaye a ƙofa, kansa a ƙasa. Sada ya je ya kama hannun Jonathan a gaban kowa.

"Baba, Juma'a mai zuwa benci zan gitta kamar kullum. Sai dai Delu ta riƙa kawo ɗanwaken bayan an sauko."

Idi ya kwashe kwalaben a kwali, ya sa wa Haruna ankwa. Har sun juya, Mama Mary ta kira.

"Sufeto, in za ki rubuta, ki rubuta duka. Ya sata, ya cuce ni da ruwan banza. Amma ki sa a ciki cewa bai huda ba."

"Zan sa, Mama."

Aka tasa ƙeyar Haruna zuwa mota. Zulaihat ta waiwaya sau ɗaya kafin ta shiga. Tsohuwar na zaune a kan bencin Sada, ta manna waya a kunne, ta rufe ido, tana ta yi wa mijinta gardama.